Cinikin Gida Mai Rijiya

Ina bazawara na zo Garwa. Mijina ya rasu a Yola, ban ga abin da zai zaunar da ni can ba, sai na biyo yayana da yake fawa a kasuwar garin. A lokacin Jamus sun riga sun zauna daram, sun gina barikinsu a kan tudu. Lamiɗo yana nan a fadarsa, amma kowa ya san daga inda umarni yake saukowa. Ni dai sana'ata girki. Na kafa rumfa a bakin Binuwai ina sayar da tuwon dawa da miyar kifi ga matuƙan kwalekwale da 'yan dako. In damina ta yi nisa, ruwa ya cika, jiragen Turawan ciniki suka hauro da gishiri da yadi, sai in yi ta tuƙa tukunya bayan tukunya har kafaɗata ta mutu.

Abin da ya dame ni shi ne rashin wurin kaina. Ina raɓe ne a ɗaki ɗaya can cikin gari, kullum sai na kai tukwane bakin kogi na dawo da su. Rumfar kuma a idon soja ba ta kowa ba ce. Sau biyu suna rushe ta saboda an ce babban Bature zai wuce. A na biyun da gindin bindiga aka ture ni, na faɗa kan murhu. Daga ranar na ƙudurta sai na mallaki gida mai katanga kusa da mashigi, in girka a ciki in sayar a ƙofa. Na sayar da mundayena da saniyar da mijina ya bar mini, na haɗa da abin da na tara, na gaya wa yayana ya nemo mini dillali.

Wanda ya kawo mini Bahaushe ne irinmu, iyayensa fatake ne daga Katsina, amma shi a Garwa aka haife shi, yana Fillanci kamar Bafulatani. Dogo ne mai fara'a, babbar rigarsa kullum a buge take. Dillancin dawaki da shanu yake yi, da gidaje in sun samu. Tun ranar farko yake ce mini uwar ɗakina, ko da yake ya girme ni.

Ya ce akwai gidan wani tsoho Bafulatani mai ɗinkin sirdi, yana zaune da matarsa da ɗansu guda ɗaya, saurayi. Tsohon ya taɓa cewa yana so ya koma wajen danginsa a ƙauyukan Marwa, sai dai ba gaggawa yake yi ba. Gidan yana da zaure da ɗakuna uku da rijiyar da ba ta ƙafewa ko da bazara, kuma daga ƙofarsa ana hango jirage.

A kan hanya dillalin ya yi ta koya mini yadda zan yi. In sa tsohon zane, in cire 'yan kunne. In mun shiga kada in leƙa rijiyar, in tsaya a kan tsagar katanga da garar da ta ci azara, in ce wurin nan gidan sauro ne. In tsoho ya faɗi kuɗi, in yi dariya in nemi takalmina. Ban ga laifin wannan ba. Haka nake yi da masunta kowace safiya, su ma haka suke yi da ni.

Na yi duk yadda aka ce. Tsohon yana zaune a kan buzu da basilla a hannu, ya bar ni na gama kushe gidansa tas. Da dillali ya faɗi tayina, sai ya ce albarka, ya yi murmushi, ya dube ni ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa:

"'Yata, bakinki yana kan katanga, idonki yana kan rijiya."

Na rufe fuska da mayafi ina dariya. Matarsa ta kawo mini nono a ƙwarya. Kuɗin da ya yanka ba zalunci a ciki, duk wanda ya san gidajen bakin kogi zai ce daidai ne, sai dai ya ɗan fi ƙarfin abin da ke hannuna. Da muka fito na ce wa dillali zan ranci cikon a wajen yayana in biya, a wuce wurin. Ya girgiza kai. Ya ce in yi haƙuri in bar masa maganar, gidan nan zai sauko, kuma aikinsa ke nan, ya samo wa uwar ɗakinsa araha. Na tambaye shi me zai saukar da shi. Ya ce ba mutumin da buƙata ba ta zo masa.

Ba a daɗe ba aka zo ɗibar 'yan dako da za su kai kayan Jamus kudu, wajen Ngaundare. Soja suka bi gida-gida da igiya. A al'ada in tsoho ɗansa ɗaya ne, mai unguwa yakan sa baki a bar masa. Wannan karon mai unguwa ya sa baki, tafintan bariki ya ce da sunan yaron aka aiko shi. Ina rumfata na ga an wuce da su a jere, igiya ɗaya a wuyansu duka, ɗan tsohon yana tsakiya, leɓensa a fashe.

Bayan haka aka yi shelar aikin hanya, kowane gida ya fitar da namiji. Gidan tsoho ba namiji sai shi, ga shi ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙarfi. Bai je ba. Da hantsin ranar kasuwa soja suka jawo shi a ƙasa tun daga zaurensa har filin gaban bariki, rawaninsa ya warware yana binsa a baya. Mutane suka taru, ni ma na ajiye muciya na bi. Aka tuɓe masa riga, aka kifar da shi a kan ganga, soja ɗaya ya danne wuyansa, ɗaya ya riƙe ƙafafunsa. Bulalar fatar dorina ce. Bugun farko ya tsaga fata, na biyu ya ɗebo jini ya watsa a wandon mai riƙe ƙafar. Tsohon bai yi kuka ba, sai wani gurnani da yake fita ta hancinsa. Tafinta yana tsaye yana lissafi da ƙarfi, Baturen barikin yana zaune a inuwa yana shan taba, bai ma cika duba wajen ba. Matar tsohon ta kutsa ta faɗa kan mijinta don ta kare shi, mai bulalar ya zabga mata a fuska, aka ja ta da gashi aka jefar gefe. Kafin a gama, tsohon ya saki fitsari ya suma. Maƙwabta ne suka ɗauke shi a kan asabari.

Ranar ban iya sayar da komai ba. Na kai musu kunu da man shanu da yamma, matar ta karɓa a zaure, idonta ɗaya a rufe da kumburi, ba ta bar ni na shiga ba.

Tsohon bai warke ba soja suka sake dawowa, wai tarar rashin fita aiki. Suka kwashe fatunsa da kayan ɗinkinsa da sirdin da ya gama wa wani. A lokaci guda jita-jita ta cika unguwar cewa Jamus za su rushe gidajen bakin kogi su gina ɗakin ajiyar kaya, kuma ba wanda za a biya ko wuri ɗaya. Na tsorata, na ce wa dillali na fasa. Ya yi dariya ya ce ya tambaya a bariki, ba wata rusawa, maganar mutane ce kawai. Ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi yake da bakin tambaya a bariki ba. Dillalai suna shiga ko'ina, haka na ɗauka.

Sai ga shi wata safiya da goro a hannu, ya ce tsoho ya sallama, kuma da ragin kashi ɗaya cikin uku na abin da ya yanka da farko. Na ce ina so in gan shi, in ji daga bakinsa. Ya ce tsohon yana kwance rub da ciki, ƙudaje na bin bayansa, kuma na san kunyar Fulani, ba zai yarda mace baƙuwa ta gan shi haka ba. Ya ce a ba shi kuɗin ya kai, ga shaidu biyu ya zo da su. Game da la'ada kuma, ko da yake mai sayarwa ne yake biya a al'ada, ya roƙe ni in ɗauke wa tsohon wannan nauyi tunda ba abin da ya rage masa. Na yarda da farin ciki, ina ganin alheri nake yi. Yayana ya ƙirga azurfar a gaban shaidun, aka ɗaure bakin jaka, aka yi fatiha, aka raba goro.

Da sassafe suka bar gidan. Bayansu kawai na gani, tsohon a kife a kan jaki, matarsa tana riƙe da shi kada ya faɗo.

Na tare. Ciniki ya buɗe fiye da yadda na zata. Ga ruwa a tsakar gida, ga ƙofa a kan hanyar mashigi, har na ɗauki mata biyu suna taya ni daka. Rani ya wuce lafiya.

Da bazara, wata rana da tsakar rana ina suyar kifi a tsakar gida, na ji ana ture masu cin abinci a zaure. Kafin in miƙe mutum ya shigo. Ban gane shi ba da farko. Ya rame ƙwarai, wuyansa da zoben tabo inda igiya ta ci, ƙafafunsa duk faso. Wuƙar yankan fata ce a hannunsa, irin ta masu sirdi, gajera mai lanƙwasa. Ɗan tsohon ne.

Ya shuri kaskon suya, mai ya fantsama a ƙafata, na ji zafin har cikin kaina. Ya damƙi wuyana ya haɗa ni da bango. Na ɗaga hannu don in kare fuskata, wuƙar ta shiga damtsena ta tsaga har kusa da gwiwar hannu. Matan da ke taya ni suka fita da gudu suna kururuwa. Wani matuƙin kwalekwale da ke cin tuwo ya shigo da taɓarya, saurayin ya juya ya naushe shi a baki, haƙoransa suka zube a ƙasa, ya dawo kaina. Ya ɗora wuƙar a maƙogwarona. Numfashinsa yana dukan fuskata.

Ya ce ubansa ya mutu a ƙauye, bayansa ya ruɓe, tsutsa ta shiga. Ya ce sojan da yake tsaronsu a hanya ne ya gaya masa yana dariya, cewa kuɗi aka ba tafinta don a sa sunansa cikin 'yan dako a kuma daki ubansa, saboda wata Bahausa mai tuwo tana son gidan.

"Kin kashe ubana don ki sayi gidansa a kuɗin jaki biyu," ya ce.

"Jaki biyu?" na ce. "Wallahi kuɗin saniya shida na bayar. Ka yanka ni in ka ga dama, amma ka fara tambayar yayana, a gabansa aka ƙirga."

Ya sa na maimaita da Fillanci, na maimaita. Ya sa na rantse da Alƙur'ani, na rantse, na ƙara masa da cewa har la'ada ni na biya. Sai na ji hannunsa ya yi sanyi a wuyana. Ya ce uwarsa ta gaya masa dillalin ya cire la'adarsa daga ɗan abin da ya kawo musu, yana cewa mai sayen talaka ce, ba za ta iya ba. Ya dubi jinin da ke zuba daga hannuna kamar bai san daga inda ya fito ba. Ya sake ni ya fita.

Na ɗaure hannun da mayafina na bi shi, ina jan ƙonanniyar ƙafa. Ba don in ceci dillalin ba. Na san abin da soja za su yi wa yaron ne. Ina kiransa yana ƙara sauri.

A rumfar dillalai ya same shi, kusa da turken dawaki, yana duba haƙoran wani doki tare da mai saye. Sara ɗaya ya yi masa daga kunne zuwa haɓa, kumatun ya buɗe har ana ganin dasashi. Dillalin ya faɗi yana rarrafe tsakanin ƙafafun dawaki, saurayin ya taka rigarsa ya kama hannun damansa ya datse jijiyar wuyan hannun. Dawaki suka tsinke igiya suka bazu cikin kasuwa, suka tattake kayan masu tukwane da wata mai sayar da nono. Mahauta suka taso da wuƙaƙe, suna ganin Bafulatani yana yanka Bahaushe. Fulanin da suka kawo shanu su ma suka ɗaga sanduna. Na ga yayana a gaban mahautan, na faɗa jikinsa na riƙe rigarsa da hannuna mai lafiya ina gaya masa abin da ya faru, shi kuma yana ƙoƙarin ture ni saboda jinin da ya gani a jikina. Kafin ya fahimta an fasa kan mutum biyu.

Soja suka sauko daga tudu a guje. Ba su tambayi kowa komai ba, suka buɗe wuta cikin taro. Wani tsoho mai sayar da goro, wanda ko tashi daga tabarmarsa bai yi ba, harsashi ya same shi a ciki, ya mutu yana riƙe da ganyen da yake rufe goronsa. Kasuwa ta watse. Saurayin bai gudu ba. Ya jefar da wuƙar ya zauna a ƙasa. Suka yi ta dukansa da gindin bindiga har fuskarsa ta ɓace cikin jini, sannan suka ja shi da ƙafa zuwa bariki.

Ni da yayana muka je wajen alƙali, muka roƙe shi ya kai maganar gaba. Ya saurare mu har ƙarshe, ya ce abin da ya shiga bariki ya fi ƙarfinsa. Ko da an kai wa Baturen magana, ta bakin wa za ta bi? Tafintan nan ne zai juya ta. Aka rataye yaron a bishiyar da ke gaban bariki, aka tilasta wa mutanen unguwarmu zuwa kallo. Aka bar shi a nan har ungulu suka fara sauka kafin a ba da izinin binne shi. Yayana da Fulanin da suka yi faɗa da su a kasuwa ne suka sauko da shi tare.

Dillalin bai mutu ba. Wanzami ya ɗinke masa fuska, bakin ya karkace, hannun kuma ya shanye. Sarkin dillalai, wani dattijo Babarbare, ya tara mutanensa a zaurensa ya sa aka kawo shi, aka kira ni da yayana da shaidun nan biyu. Shaidun ba su ja ba, suka ce an ba su nasu kason. Dillalin kuwa da bakin da ba ya rufuwa sosai ya ce shi bai cuci uwar ɗakinsa ba, araha ta nema ya samo mata, abin da ya rage tsakanin farashi biyu kuma wayonsa ne ya ba shi. Sarkin dillalai ya ce masa dillali yana iya kushe kaya, yana iya jan lokaci, yana iya ɓoye wa mai sayarwa zumuɗin mai saye, duk sana'a ce. Amma la'ada ɗaya ce, daga gefe ɗaya, kuma kowa ya san ta. Kuɗin da ya fita daga hannun mai saye, shi zai shiga hannun mai kaya. Wanda kuma ya ƙirƙiro wa mutum buƙata da bulala don ya sayar, ba ya cikinsu. Aka hana shi zama a rumfa, aka sayar da dokinsa da rigunansa don a mayar da abin da ya ci. Bai cika ba. Kason tafinta kuwa ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya. Tafintan nan yakan zo ƙofata yana cin tuwo ba ya biya, ina zuba masa da hannuna, har lokacin da yaƙi ya zo ya kore su duka, shi da Jamus ɗin.

Uwar yaron ta iso bayan an binne shi, wani ɗan'uwanta ya rako ta. Alƙali ya ce cinikin da aka yi da tilas, in magada sun so, a warware yake. Na ce mata ga gidanta, ta mayar mini da abin da ya samu, ko kuma mu zauna tare. Ta ce ba za ta iya kwana a inda ake hango bishiyar nan ba. Na ba ta abin da aka karɓo daga dillalin, na ranci wani a wajen yayana, na cika mata kuɗin da mijinta ya yanka tun ranar farko. Ɗan'uwanta ne ya karɓa, ita ko duban kuɗin ba ta yi ba.

Da za su tafi ta ce in biyo ta. Ta kai ni bayan ɗakin gabas, wani lungu da nake shirin haƙa ramin zuba toka, ta nuna mini ƙasa da ƙafarta. Ta ce 'ya'yanta biyu suna nan, tun suna jarirai, kafin ta haifi wanda ya rayu.

"Kada ki haƙa nan, 'yata."

"Ba zan haƙa ba, Dada," na ce.

Na raka su har mashigi. Ɗan'uwan ya ɗora ta a kwalekwale, na tsaya har suka kai tsakiyar ruwa. Da na dawo na sa aka kawo duwatsu daga bakin kogi na kewaye lungun, sannan na hura wuta, don masu cin abincin rana sun fara taruwa a zaure.